Yadda Ɗan Kasuwa Zai Sami Ɗakin Otal Mafi Rahusa A Abuja

ABUJA: Duk ɗan kasuwar da harka ta taɓa kai shi Abuja, ko don neman takardar izni a wata ma'aikata, ko don bin sawun kuɗin kwangila, ko kuwa don halartar wani taro, ya san cewa kuɗin masauki yana daga cikin abubuwan da suka fi cin aljihu a irin wannan tafiya. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, ɗaki guda a otal guda, a dare guda, yana iya kasancewa da farashi uku ko huɗu. Wanda ya shigo da jakarsa ya tsaya gaban kanta za a faɗa masa wani kuɗi, wanda ya kama ɗakin ta intanet ya biya wani kuɗin daban, wanda kuma kamfaninsa ke da yarjejeniya da otal ɗin ya biya ƙasa da su duka. Alhali kuwa gadon da za su kwanta a kai ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne hanyar da kowannensu ya bi da kuma lokacin da ya bi ta.

Ga mutumin da yakan zo Abuja sau ɗaya a shekara wannan bambanci ba zai dame shi ƙwarai ba. Amma ga kamfanin da ke aika ma'aikatansa kowane wata, ko ɗan kwangilar da zai shafe mako guda yana jiran sa hannun wani darakta, ragin Naira 15,000 a kowane dare yana taruwa ya zama jari. Wanda ya kwana 40 a shekara a wannan birni, irin wannan ragi ya tashi Naira 600,000 ke nan.

Asalin tsadar masauki a Abuja

An kafa Babban Birnin Tarayya ne da Doka ta 6 ta watan Fabrairu na 1976, a zamanin mulkin Janar Murtala Muhammed, bayan kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar a bar Legas. Gwamnati ba ta tare a sabon birnin ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, lokacin Janar Ibrahim Babangida. Tsakanin waɗannan shekaru ne aka gina manyan otal-otal na farko. Nicon Noga Hilton da ke Maitama, mai ɗakuna 670, an buɗe shi a 1987, kuma ya koma Transcorp Hilton bayan da kamfanin Transcorp ya saye shi a 2005. Sheraton da ke Wuse, wanda yanzu ake kira Abuja Continental, ya fara karɓar baƙi a 1990. A watan Yuni na 1991 birnin ya karɓi taron ƙolin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, daga baya kuma ya karɓi wasannin Afirka da taron shugabannin ƙasashen Kwamanwel a 2003, da taron tattalin arzikin duniya kan Afirka a watan Mayu na 2014.

Wannan tarihi yana da nasaba da farashi, domin tun farko an gina masaukan Abuja ne saboda baƙin gwamnati da jakadu da manyan kamfanoni, wato mutanen da ba daga aljihunsu suke biya ba. Kasuwar da mai saye ba ya jin zafin kuɗi kuwa, mai sayarwa ba ya gaggawar yin ragi. Daga baya ne matsakaita da ƙananan otal-otal suka yawaita a Garki da Wuse da Utako da Jabi da Gwarinpa, har gasa ta shigo, ɗan kasuwa mai biyan kuɗin kansa ya sami zaɓi.

A 'yan shekarun nan kuɗin gudanar da otal ya ƙaru ƙwarai. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. A watan Yuni na wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, inda Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 har ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A watan Afrilu na 2024 kuma hukumar kula da wutar lantarki, wato NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa Naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda. Otal kuwa sana'a ce mai shan wuta dare da rana, ga janareta mai cin man dizal idan an ɗauke. Duk waɗannan suna komawa ne kan kuɗin ɗaki.

Dalilin da ya sa farashi ke hawa da sauka

Ɗakin otal haja ce mai saurin lalacewa, har ta fi tumatir. Mai tumatir idan bai sayar yau ba yana iya yankawa ya shanya, mai atamfa kuma ya mayar da ita shago ya jira gobe. Amma ɗakin da ya kwana babu kowa a daren Juma'a, kuɗin wannan dare ya tafi ke nan har abada, domin ba a ajiye daren jiya a sayar da shi gobe.

Bugu da ƙari, yawancin kuɗin da mai otal ke kashewa ba ya canzawa ko da baƙi ko babu. Albashin ma'aikata, da bashin banki, da kuɗin masu gadi, da gyaran gini, duk sai an biya su. Abin da ƙarin baƙo guda ke jawowa kaɗan ne: wankin zanen gado, da sabulu, da wutar na'urar sanyaya ɗaki, da karin kumallo idan yana ciki. Saboda haka duk kuɗin da ya haura wannan ɗan abin kashewa riba ce a kan barin ɗakin a kulle. Wannan shi ne sirrin da ya sa manajan da ya ƙi sauraron tayi ranar Talata yakan sallama cikin fara'a ranar Asabar da yamma.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan tsari sarrafa farashi gwargwadon buƙata. Kamfanonin jiragen sama na Amurka ne suka ƙware a kansa bayan da gwamnatin ƙasar ta sakar masu mara a 1978, sa'an nan manyan kamfanonin otal irin su Marriott suka ɗauka a shekarun 1980. A yau manyan otal-otal suna da kwamfuta mai lura da yawan ɗakunan da aka kama da farashin maƙwabta, tana sauya kuɗin ɗaki daga rana zuwa rana. Ƙananan masaukai ba su da irin wannan na'ura, amma manajojinsu suna yin lissafin nan da ka. Farashin da aka rubuta a allon kanta, shi ne mafi tsada da otal ke fatan samu, daga nan ne ake fara saukowa.

Kalandar Abuja

Abuja birnin gwamnati ne, saboda haka kasuwar masaukinta tana bin ranakun aiki. Baƙi suna shigowa daga Litinin, su cika gari Talata zuwa Alhamis, waɗanda su ne ranakun da Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka saba zama, sa'an nan su watse ranar Juma'a. Daren Juma'a da Asabar da Lahadi su ne suka fi sauƙi a otal-otal ɗin da ke dogara da 'yan kasuwa da ma'aikata, sai dai inda aka kama zauren otal ɗin don bikin aure, 'yan biki suka cika ɗakuna.

Haka kuma shekara tana da nata lokutan. Majalisar Tarayya takan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Lokacin bukukuwan Sallah da na Kirsimeti jama'a sukan koma garuruwansu, birnin ya yi tsit. A irin waɗannan lokuta mai neman ɗaki shi ke da ta cewa. Akasin haka, akwai lokutan da ɗaki ke zama kamar zinariya: bikin rantsar da sabuwar gwamnati ranar 29 ga Mayu, da manyan tarurrukan ƙasa da ƙasa, da tarurrukan jam'iyyu. A 2022, alal misali, jam'iyyar PDP ta yi zaɓen fid da ɗan takarar shugaban ƙasa a Abuja a ƙarshen watan Mayu, APC kuma ta yi nata a Dandalin Eagle a farkon Yuni, dubban wakilai da magoya baya suka sauka a birnin cikin mako biyu. Kwamishinonin kuɗi na jihohi ma sukan hallara don taron rabon arzikin ƙasa na wata-wata, kamar yadda bajekolin kasa da ƙasa na Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Abuja ke jawo nasa baƙin kowace shekara.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, ba ƙa'ida ɗaya ce ke aiki a kowane lokaci ba. Idan tafiya ta faɗo a makon babban taro, wanda ya riga kama ɗaki shi ne ya ci riba, domin kullum farashin sama yake yi. Idan kuwa lokacin da gari ya yi sanyi ne, jinkiri ba ya cutarwa, har ma yakan sa a sami ragi a ranar isowa. Wanda ke da ikon zaɓar ranar ganawarsa, ya sa ta ranar Litinin da safe: ya iso Lahadi ya kwana a farashin ƙarshen mako, ya gama harkarsa ya juya kafin gari ya cika.

Dillalan intanet da la'adarsu

Dillanci a harkar masauki ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Fatake da suka riƙa kai shanu kurmi suna sayo goro sun san fatoma, mai masaukin da ke saukar da baƙo a zango, ya haɗa shi da masu saye, ya ci la'adarsa daga cinikin. Dillalan yau suna zaune ne a intanet. Akwai na ƙasashen waje irin su Booking.com mai hedkwata a Amsterdam da Expedia na Amurka, waɗanda duka aka kafa a 1996. Akwai kuma na gida, irin su Wakanow da aka kafa a 2008 da Hotels.ng wanda Mark Essien ya kafa.

Amfanin waɗannan shafuka a fili yake. Cikin minti kaɗan mutum yana Kano ko Sakkwato zai ga otal-otal masu yawa a Wuse ko Garki, da farashinsu, da hotunansu, da ra'ayoyin waɗanda suka taɓa kwana a ciki. Sai dai ba kyauta suke wannan aiki ba. Otal yana biyansu la'ada a kan kowane ɗakin da aka kama ta hannunsu, wadda sau da yawa takan kai kashi 15 cikin 100, wani lokaci ma ta wuce haka.

A nan ne lissafi yake. A ƙaddara an sa ɗaki Naira 100,000 a shafin dillali, la'ada kuma kashi 15 ce. Abin da zai shiga asusun otal Naira 85,000 ne. To, idan baƙo ya buga waya kai tsaye ya taya Naira 90,000, otal ya sami ƙarin Naira 5,000 a kan abin da dillali zai ba shi, baƙo kuma ya tsira da Naira 10,000. Kowa ya ci riba in ban da dillali. Saboda haka hanya mafi inganci ita ce a yi amfani da shafin dillali wajen sanin farashin kasuwa, sa'an nan a tuntuɓi otal ɗin a ji abin da zai ce.

Dillalan sun san da wannan, shi ya sa suka daɗe suna sa wani sharaɗi a yarjejeniyarsu da otal-otal, wanda ya hana otal tallata farashin da ya yi ƙasa da na shafin dillali. Wannan sharaɗi ya sha suka a Turai. Faransa ta haramta shi da doka a 2015, hukumar kula da gasa ta Jamus ta hana Booking.com amfani da shi a wannan shekarar, a 2024 kuma kamfanin ya janye shi daga ƙasashen Tarayyar Turai. Inda sharaɗin ke aiki, abin da ya fi shafa shi ne farashin da aka baje a fili kowa ya gani. Ragin da aka yi wa mutum ta waya, ko wanda ake ba mambobin otal masu rajista, yawanci yana waje da shi. Wannan ne dalilin da ya sa manyan kamfanoni irin su Hilton suke da farashi na musamman ga waɗanda suka shiga tsarinsu na mambobi, wanda shigarsa kyauta ce.

Har ila yau, bai kamata a ɗauka cewa otal ɗin da ya fito a saman jeri shi ne mafi araha ba. A watan Afrilu na 2022 wata kotun tarayya a Ostareliya ta ci tarar shafin Trivago dalar ƙasar miliyan 44.7, saboda ya sa jama'a sun ɗauka farashi mafi rahusa yake nuna masu, alhali yana fifita masu biyansa kuɗin talla mafi yawa. A Ingila kuma, a watan Fabrairu na 2019, hukumar kula da gasa da kasuwanni ta sa manyan shafuka shida, ciki har da Booking.com da Expedia da Agoda, suka yi alkawarin daina dabarun matsa wa mai saye lamba, irin su nuna masa cewa ɗakuna sun kusa ƙarewa ta hanyar da ba ta bayyana gaskiyar lamari ba. Don haka idan shafi ya rubuta cewa saura ɗaki ɗaya, mai yiwuwa ne kason da otal ya ba wannan dillali ne ya kusa ƙarewa, otal ɗin kansa yana da sauran ɗakuna. Mai bincike ya umurci shafin ya jera masa daga mafi araha zuwa mafi tsada, ya kuma duba aƙalla shafuka biyu.

Farashin allo da farashin rasit

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwatanta farashin da ba a sa haraji ba da wanda aka riga aka sa. Harajin VAT ya fara aiki a Nijeriya ranar 1 ga Janairu, 1994, a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga ranar 1 ga Fabrairu, 2020. Ban da shi, otal-otal da yawa suna ƙara kuɗin hidima, wanda yawanci kashi 10 ne. A Legas akwai wani harajin jiha na kashi 5 a kan otal da gidajen abinci tun 2009, saboda haka wanda ya saba da rasit ɗin wani gari kada ya ɗauka haka yake a ko'ina.

Ga yadda lissafin yake. Ɗakin Naira 100,000, idan aka ɗora kuɗin hidima Naira 10,000 da VAT Naira 7,500, ya zama Naira 117,500. Idan kuma an ɗora VAT ɗin ne bayan an haɗa da kuɗin hidima, ya zama Naira 118,250. Ke nan otal ɗin da ya ce Naira 110,000 komai da komai ya fi wanda ya ce Naira 100,000 ban da haraji araha, ko da yake a ido na biyun ne ya fi sauƙi. Wannan matsala ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Amurka sai da hukumar kula da ciniki ta tarayya ta kafa ƙa'ida, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2025, da ta tilasta wa otal-otal nuna duk kuɗin da ya wajaba a biya tun a farashin farko.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: nawa zan biya gaba ɗaya ranar da zan fita? A kuma tambaya ko karin kumallo yana ciki, na mutum ɗaya ne ko biyu, ko akwai kuɗin ajiya da ake karɓa a mayar daga baya, da ƙarfe nawa ake barin ɗaki. Yawancin otal-otal ƙarfe 12 na rana ne, wanda ya wuce kuma ana iya cajinsa rabin yini ko yini guda. Inda shafin waje ya nuna farashi da Dala, a nemi otal ya faɗi nasa da Naira a rubuce, domin canjin da banki ko shafin zai yi amfani da shi yana iya cinye ragin da aka gani.

Biyan kuɗin da ba a mayarwa

Shafuka da yawa suna nuna farashi biyu ga ɗaki guda: mai tsada wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, da mai rahusa wanda ake biya nan take kuma ba a mayar da kuɗi. A ƙaddara na farko Naira 100,000 ne, na biyu Naira 85,000. Wanda ya yi tafiya shida, aka fasa ɗaya, idan farashin da ake sokewa ya riƙa ɗauka zai biya dare biyar, wato Naira 500,000. Idan kuwa mai rahusa ya riƙa ɗauka, zai biya dare shida, wato Naira 510,000. Ke nan da zarar fasa tafiya ta kai sau ɗaya cikin shida, rahusar ta koma asara.

Wanda ya san Abuja ya san sau nawa ake ɗage ganawa saboda babban jami'i ya yi tafiyar gaggawa, ko jirgi ya kasa tashi daga Kano saboda hazon hunturu. Saboda haka farashin da ba a mayarwa ya dace ne da abin da ranarsa ta tabbata, kamar babban taron da aka riga aka buga katinsa. Ga sauran tafiye-tafiye, dabara ita ce a kama ɗakin da ake iya sokewa tun da wuri, a sake duba farashi saura kwana biyu ko uku, idan ya sauka a soke na farko a kama sabo.

Nisa ma kuɗi ne

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ɗakuna sun fi sauƙi a Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu, da Mararaba ta Jihar Nasarawa, da Suleja ta Jihar Neja. Amma ofisoshin da ɗan kasuwa ke nema suna tsakiyar birni: Sakatariyar Tarayya da Babban Banki da hedkwatar NNPC a unguwar tsakiya, Hukumar Rajistar Kamfanoni kuma a Maitama. Hanyar Mararaba zuwa Nyanya zuwa AYA ta yi suna wajen cunkoson motoci safe da yamma.

A ƙaddara ɗaki a Wuse Naira 60,000 ne da karin kumallo, kuɗin mota zuwa da dawowa Naira 6,000, jimla Naira 66,000. Wani kuma a bayan gari Naira 35,000, kuɗin shatar mota zuwa da dawowa Naira 20,000, karin kumallo Naira 6,000, jimla Naira 61,000. Ratar Naira 25,000 da aka gani da farko ta dawo Naira 5,000, ga kuma awoyin da za a ɓata a hanya da haɗarin makara. Mai shiga motar haya ta gama-gari zai rage kuɗi, amma ya yi hattara da ɓarayin da ke shigar burtu da motocin haya, waɗanda aka fi sani da 'yan wan-cans.

Wannan ba ya nufin bayan gari bai da amfani. Filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe yana da nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar birni, saboda haka mai jirgin asuba ya fi dacewa da Lugbe. Mai zuwa ta jirgin ƙasan Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, yana iya sauka a tashar Kubwa ko ta Idu, ya zaɓi masauki daidai da haka. Mai harka a kasuwar Wuse ko tashar motar Jabi da Utako kuma ba shi da dalilin biyan kuɗin Asokoro.

Ciniki kai tsaye

Mutum ba ya jin kunyar taya shadda a Kantin Kwari, amma da ya shiga otal sai ya ɗauka farashi ba ya taɓuwa. A gaskiya yana taɓuwa, in dai an yi magana da wanda ke da iko. Ma'aikacin kanta sau da yawa ba shi da iznin ragi mai yawa, saboda haka a nemi manajan sashen ciniki ko manajan da ke bakin aiki, a faɗa masa farashin da aka gani a intanet da yawan kwanakin da za a yi.

Kamfani mai rajista yana iya rubuta wa otal takarda ya nemi farashin kamfanoni, yana mai bayyana adadin kwanakin da yake sa ran kamawa a shekara. Ba sai babban kamfani ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma suna iya haɗa kan mambobinsu su nemi farashi guda da sunan ƙungiya, domin mai sayen sari ba ya biyan kuɗin mai sayen ɗai-ɗai. Amfanin irin wannan yarjejeniya shi ne farashin yakan tsaya wuri ɗaya, sai dai a duba ko an keɓe wasu ranakun cunkoso da ba ta aiki a cikinsu. Wanda zai yi mako guda ko fiye ya nemi farashin dogon zama, ya kuma kwatanta da gidajen haya na ɗan lokaci masu kayan ɗaki da kicin, waɗanda suka yawaita a Abuja, musamman idan mutum uku ko huɗu ne za su raba kuɗin. Inda manaja ya ƙi rage kuɗi, yana iya yarda da abin da bai cika cinsa kuɗi ba, kamar karin kumallo, ko ɗaki mafi girma, ko jinkirta lokacin fita, ko motar filin jirgi.

Hattara da 'yan damfara

Neman araha shi ne tarkon da 'yan damfara suka fi kafawa. Sukan buɗe shafi da sunan otal na gaske da hotunansa, su sa farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, su nemi a tura kafin alƙalami. Alamar farko ita ce asusun banki mai sunan mutum maimakon sunan kamfani. Kafin a tura ko kwabo, a nemo lambar otal ɗin ta wata hanya daban a tabbatar. Ko ta sanannen dillali aka kama ɗaki, yana da kyau a buga wa otal waya kwana ɗaya kafin tafiya a ji ko sunan mutum ya iso gare su, domin wasu ƙananan masaukai ba su cika duba saƙonninsu ba.

Duk abin da aka amince a kai, a nemi a aiko shi a rubuce: nau'in ɗaki, da ranaku, da jimlar kuɗi, da sharaɗin sokewa. A kuma karɓi rasit mai sunan kamfani, domin da shi ne akanta zai shigar da kuɗin cikin abin da aka kashe. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai hedkwata a Abuja, ta hana yaudarar mai saye a kan farashi, kuma wanda aka zalunta yana iya kai ƙara can. Sai dai ƙarar da ba ta da takarda ba ta cika yin nisa ba.

A taƙaice, ɗan kasuwar da ke shirin zuwa Abuja ya fara da tambayar abin da ke gudana a birnin a makon da zai je. Daga nan ya zaɓi unguwar da ta fi kusa da inda harkarsa take, ya duba farashin otal uku ko huɗu a shafuka biyu, ya mayar da kowanne zuwa jimlar da za a biya ranar fita, har da kuɗin mota da abinci. Sa'an nan ya buga waya ya yi tayi, ya kama ɗakin da ake iya sokewa, ya karɓi shaida a rubuce. Wannan aiki bai wuce na rabin awa ba, kuma matambayi ba ya ɓata.